Jemagu a Firizar Mma

Mahaifiyata ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya na Faransanci ba ta iya karantawa, amma shekara da shekaru ita ake kai wa ajiyar naman layya a layinmu na Zongo, kuma ban taɓa jin an ce tsokar wani ta faɗa ledar wani ba. Mma muke kiranta, ni da duk 'ya'yan layin. Tana da firiza babba mai murfi a sama, wadda ƙanenta ya aiko mata daga Kumasi bayan rasuwar babana, don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo ta riƙe kanta. Duk shekara sana'a take yi da ita. Amma da Babbar Sallah ta matso sai ta kwashe zoɓon, ta wanke firizar da ruwan lemun tsami, ta bar wa maƙwabta su ajiye abin da ba su soya ba. Kowane gida da ƙyallensa, wanda ta yago daga tsohuwar atamfa. Gidan mahauta ja ne, gidan direban da ke zuwa Yamai kore mai ɗigo-ɗigo, haka har gida tara. Ita ke ɗaure bakin kowace leda da hannunta.

Gidan da muke ciki na haya ne, ba mu da gona, ba mu da dangi masu yawa a Lome. Abin da Mma ta mallaka a unguwar nan shi ne a ce hannunta tsarkakakke ne, kuma abin da aka ba ta yana nan yadda aka ba ta. Ni 'yarta tilo, wadda ta sha wuya ta yi wa karatu, ni na ɓata mata wannan.

Aikina kamun ɓera ne. Haka nake faɗa tun da na gaji da dogon bayani. Ilimin dabbobi na karanta, na samu aiki a wata 'yar cibiyar bincike, inda muke shiga daji mu kamo ƙananan dabbobi da jemagu don a san ire-irensu da cututtukan da suke ɗauke da su. A Zongo kuwa abin dariya ne. Matan layinmu sukan ce shekara nawa na yi a jami'a don ɓera, alhali ga su nan a bayan buhun masara kyauta. Mma takan ce musu aikin likitoci nake yi, ta rufe zancen. Ni da ita ba mu taɓa zama na faɗa mata abin da hannuwana ke taɓawa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A shekarar da nake magana mun yi mako uku a kurmin da ke kan duwatsu bayan Kpalimé, dab da iyakar Gana. Mu huɗu ne: Farfesa, shugaban aikin, da direba, da wani tsohon maharbi ɗan ƙauyen da ke nuna mana hanya, sai ni. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce Musulma, ni kaɗai ke jin Hausa. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni, gaskiya. Amma in sun zauna suna hira da yaren Ewe suna tuntsira dariya, kafin in kamo bakin zaren an wuce wurin. In maharbin ya kawo naman daji aka yi miya, ni sai garin rogo da sardin. Mako uku ban ji kiran salla ba, da agogon waya nake sanin lokaci, ita kuma wayar ba ta da wani amfani sai wannan, don babu sabis.

Tarkunanmu na gwangwani ne, masu naɗewa, kowanne kamar ƙaramin akwati mai ƙofa. Da la'asar nake jera su, taku goma tsakanin kowane biyu, a gindin itace ko bakin rami ko kan ruɓaɓɓen kututture, in ɗaura jan zare a reshe don in gane wurin. Abin da ake sakawa a ciki tunkuza ce da aka kwaɓa da manja da garin busasshen kifi. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, sai in bi layin ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. In ka makara kwarkwasa ta riga ka, ka buɗe ka tarar da ƙashi da gashi. Yawancinsu fanko ne. Ka yi tafiyar awa biyu a cikin laka da ƙaya don ɓera uku da jaɓa ɗaya, wadda warinta zai bi ka har kwana biyu.

Jemagu kuma da raga ake kama su, mai siririn zare kamar gashin kai, a kafa ta da sanduna a kan rafi. Dab da magariba ake buɗe ta. Wannan lokacin ne ya fi yi mini nauyi. Ina tsaye cikin ruwa har ƙwauri, sauro na cina, na san a daidai lokacin nan Mma ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, masallatan Zongo suna kira wannan na bin wancan. A nan kuwa sai kukan ƙwari da kwaɗi. Cire jemage daga raga aikin haƙuri ne, ƙafa tukuna, sannan fuffuke, shi kuma yana cizon safar hannunka yana tsuwa. Mukan auna nauyinsa a cikin jakar yadi, mu auna tsawon hannunsa da kunnensa, mu saki mafi yawansu. Kaɗan muke riƙewa don gwaji. Waɗannan ana sa musu magani su mutu ba wahala, sai in ɗaura wa kowanne 'yar takarda mai tauri a ƙafa da farin zare, in rubuta lambarsa da rana da wurin da aka kama shi. Farfesa yakan yaba yadda ba na taɓa haɗa lambar wani da ta wani. Ban gaya masa a wurin wa na gada ba.

A cikin ruwan sifirit muke ajiye su don kada su ruɓe. Ana saura kwana biyu mu tashi, jarkar sifirit ɗin ta tsage, ta tsiyaye a ƙasa. A daren ne kuma, don tsautsayi, ragar ta kama irin jemagun da muka yi mako uku muna nema, ƙanana masu hanci kamar ganye. Dole aka sa su, da jaɓa biyu da muka kama, a kula, wato akwatin riƙe sanyi, direba ya sauka gari ya samo ƙanƙara. Farfesa zai wuce arewa wani taro, don haka ya danƙa mini kular ya ce da na isa Lome in kai ɗakin gwaji, wanda muke kira labo, in saka a firizar can.

Ranar Arfa na iso, da azumi a bakina, rana ta raba. Labo a kulle. Mai riƙe makulli ya tafi hutu garinsu, wayarsa ba ta shiga. Na buɗe kular na ga ƙanƙarar ta koma ruwa, saura 'yan gutsattsari suna yawo. Na tsaya a bakin titi da kula a hannu kamar mai tallan kunu, ban san wanda zan kira ba. Abokan karatuna sun watse, kuma wa zan ce wa ya ba ni aron firji in sa jemagu? Na hau zemijan, ɗan acaɓanmu na Lome, na ce Zongo.

Mma ba ta nan, ta tafi kasuwar Agoè-Assiyéyé sayo tattasai da albasa. Firizar a wanke take tas, tana ƙamshin lemu, babu komai sai tubalan ƙanƙara da ta jera a ƙasa saboda ɗaukewar wuta. Na san dokar aikina sarai. Ba a haɗa abin gwaji da abin ci, ko a mafarki. Na san wannan kamar yadda na san Fatiha. Amma na ce wa raina kwana ɗaya ne, kuma suna cikin roba mai murfi. Na naɗe robar da leda uku baƙaƙe, na ɗaga tubalan, na cusa ta can ƙasa, na mayar da su. Na wanke hannuna har sau uku. Da Mma ta dawo ta rungume ni ta ce na rame na yi baƙi, daji ba wurin mace ba ne, na yi dariya na karɓi kwandonta.

Ranar Salla aka yi yanka, da yamma ledoji suka fara shigowa. Ina zaune ina kallon Mma tana ɗaure ƙyallaye, ana ta barkwanci, Hajiyar gidan mahauta, wadda ita ce babba a matan layin, tana tsokanata wai ina tsarabar ɓeran da na kawo musu. Sau biyu na buɗe baki in kira Mma gefe. Sau biyu na fasa, don kunya da tsoro, da kuma taurin kaina na ganin cewa zan iya gyara abin ni kaɗai kafin kowa ya sani.

Washegari da hantsi na fita neman mafita. Na je labo, na je gidan wani abokin aiki a Hédzranawoé, ba ya nan. Ina can ina yawo aka ɗauke wuta a Zongo. Mma kuwa tana da dabararta: in wuta ta jima ba ta dawo ba, sai ta kwaso tubalan ƙasa ta ɗora su a kan naman. Da ta kwaso su sai ga baƙar leda babu ƙyalle.

Da wata ce da ta leƙa ita kaɗai a ɓoye. Mma ba ta buɗe ajiyar mutum a bayan idonsa. Hankalinta ya tashi, ta ɗauka ita ce ta yi mantuwa ta karɓi naman wani ba ta ɗaura masa alama ba. Sai ta aika aka kira matan gida taran nan, ta ajiye ledar a tsakar gida a kan faranti, ta ce a buɗe a gaban kowa mai ita ya gane kayansa.

Na shigo na tarar da tsakar gida cike. Ga robata a buɗe. Ga jemagun nan a jere, fukafukai a naɗe, bakuna a buɗe da 'yan haƙoransu, kowanne da farin zare a ƙafa da 'yar takarda mai rubutu. Ga jaɓa biyu a gefe. A labo wannan aiki ne mai tsabta da za a yaba. A tsakar gidanmu kuwa, ni kaina da na kalle su sai da gabana ya faɗi, don na ga abin da suke gani. Hajiya ta ce ta taɓa ganin irin wannan sak a kasuwar 'yan tsafi ta Akodésséwa. Wata ta ce sunayen mutane ne a takardun. Aka ƙirga jemagu, aka ƙirga gidaje, lissafi bai zo daidai ba, sai aka ce ragowar na waɗanda ba su kawo nama ba tukuna ne.

Ni kuma maimakon in durƙusa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na hau su da faɗa, rabi Hausa rabi Faransanci, na ce jahilci ne ke damunsu, wane irin asiri ake rubutawa da lambobi. Matan da suka goya ni, suka yi mini kitso. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kamar in nutse.

Mma ce ta katse ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na ce ta ajiye," ta ce. "Kayan aikinta ne. Na manta ne."

Kowa ya san ƙarya ce, don da ta sani ba za ta tara mutane ta buɗe ba. A iya rayuwata ban taɓa jin Mma ta yi ƙarya ba sai ranar, kuma ba ta iya ba.

Aka kira limamin masallacin layinmu, dattijo mai sanyin hali. Ya sa na karanta masa takardun ɗaya bayan ɗaya, na karanta: lamba, rana, sunan rafi, mace ko namiji. Ya ce shi bai ga asiri a nan ba, kuma mushen da ke cikin roba a rufe bai ƙazantar da naman da bai taɓa ba. Na ga kafaɗun Mma sun ɗan sauka. Sai ya juyo gare ni.

"'Yata, tsakaninki da Allah. In an ci naman nan, babu abin da zai sami kowa?"

Na san da wuya ƙwarai wani abu ya faru. Leda uku, roba, ga sanyi, ga wutar suya. Da na ce babu, da an ɗauki nama an watse, a yi gulma mako biyu a manta. Mma tana kallona. Amma don neman cuta muka kamo su, kuma ba a duba ko ɗaya ba. Akwai masu ciki a gidajen nan, akwai jarirai.

"Ba a gwada su ba tukuna, Malam," na ce. "Ba zan iya rantsuwa ba."

Liman ya ce to, kowa ya yi abin da hankalinsa ya kwanta da shi. Ba wanda ya ci. Maza suka haƙa rami a bayan layin, aka kwashe naman gida tara aka binne, dabbobin da wasu suka yi shekara suna kiwo. Namu ɗan akuyan an riga an soye shi, Mma ta rarraba a kwanoni ta bi gida gida tana ba da haƙuri. Kwanonin suka dawo yadda suka tafi, da godiya mai sanyi.

Jemagun dai ba su lalace ba. Farfesa ya sa aka buɗe labo a ranar, ya kuma wanke ni tas da faɗa ta waya, wanda na cancanta. Mma ce ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta wanke firizar da sabulu, ta wanke da toka, ta shanya ta a rana inda kowa zai gani. Ta dafa zoɓo kamar kullum, ta ƙuƙƙulla. Yaran da suka saba cika mana ƙofa da azahar suka riƙa wucewa ta gabanmu zuwa layin baya. Da yamma sai ta kwance ledojin ta zubar a kwata, washegari ta sake dafawa. Ana gaishe ta, ba a daina ba, amma daga bakin ƙofa. In ana suna ko biki ba a ƙara cewa ta zo ta kama aikin tukunya. In na fito da jakar aiki sai hira ta tsaya har in wuce.

Bayan wata uku sakamako ya fito, babu komai a jikinsu. Na zo da takardar da gudu, na kai wa liman, ya faɗa a masallaci. Aka ce alhamdulillahi. Nama dai ya riga ya ruɓe a rami. Hajiya ta faɗa wa Mma a gabana, ba da faɗa ba, cewa ita ba ta da komai da ita, amma muddin 'yar nan tana shiga tana fita da akwatunanta, hankalin mutum ba zai kwanta ba.

Ni na yanke shawara, ba wanda ya kore ni. Na kama ɗaki ɗaya a Amoutivé, cikin gari, a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mina mai sayar da gawayi. Da na faɗa wa Mma, ba ta ce in zauna ba, ba ta ce in tafi ba. Ta naɗe mini zannuwa, ta ba ni ƙaramar tukunyarta da ludayi, ta ce wa mutane na koma kusa da wurin aiki ne. Nakan je mata ranar Lahadi, hannu sake, ba jaka. A hankali na fara ganin yaro ɗaya, yara biyu, a ƙofa suna jiran ƙanƙara.

Tsakanin daji da Amoutivé ban san inda ya fi shiru ba. A daji aƙalla akwai aiki. A ɗakina kuwa nakan dafa shinkafa ta ishe ni kwana biyu, in ci ina kallon bango. Wani lokaci sai in ankara kwana huɗu ban furta kalmar Hausa ba, in tsinci kaina ina yi wa tukunya magana.

Da Sallar shekara ta zagayo na ɗinka sabon kaya, na sayo wa Mma mayafi. Ranar Arfa da la'asar ta kira ni a waya. Muryarta da haske, irin wanda na kwana biyu ban ji ba. Ta tambayi azumi, ta tambayi mai gidan haya, ta yi ta kewaye-kewaye. Sannan ta ce Hajiya ta aiko, wai a wanke musu firiza, gida shida sun ce za su kawo.

Na ce masha Allah, kuma har zuciyata na faɗa. Na ji hawaye na zubo mini don murna.

Sai ta sassauta murya.

"Uwata," ta ce, don sunan mahaifiyarta aka sa mini, "bana kada ki zo ranar Salla. Ki bari sai sun kwashe namansu."

Na ce ba komai, dama akwai aiki a labo. Ta ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin.

Washegari na yi wanka na sa sabon kayan, na je idi na dawo. A Amoutivé ranar kamar kowace rana ce, tsohuwa tana auna gawayi, rediyonta na yi. Ta dube ni ta ce na yi kyau, ta tambaye ni ina zan je. Na ce daga can nake, na shiga ɗaki na ɗora shinkafa.